Uwa Ma'aikaciya Da Shayarwa: A Wuyan Wa Haƙƙin Yake?

 Shekaru da yawa muna kira a kan mumbari da a bar mata su yi ilimi, muna cewa bai dace a ce namiji ne zai karɓi haihuwar matanmu ko ya karantar da 'yan matanmu ba alhali za mu iya samun mata masu yin haka. Allah ya sa an amsa. Yau 'ya'yanmu mata suna kwalejin koyon aikin lafiya ta Jega, suna jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, suna karantarwa a firamare da Islamiyyu daga Jega har ƙauyukan Maiyama. Akasarinsu matan aure ne, kuma suna haihuwa. To, idan malama ta fita ƙarfe bakwai na safe ba za ta dawo ba sai bayan azahar, me jaririnta ɗan wata uku yake sha?

Amsar da muke gani a gidaje ita ce ruwa da koko da jiƙe-jiƙe, ko madarar gwangwani ga mai hali. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa yakan tsinka madarar da ruwa fiye da ƙima don gwangwani ya kai ƙarshen wata, a bulumbotin da ba a tafasa ba, sai gudawa ta biyo baya, yaro ya rame. A 2022 ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe sashen kwantar da yara masu tamowa a Babban Asibitin Maiyama. Talauci da tsadar abinci da cututtuka suna da babban kaso a wannan musiba, amma yaron da aka rage wa nono tun yana wata biyu ya riga ya shiga sahun da za a fara kai wa can. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ne ke shan nono zalla.

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan cewa a ba jariri nono shi kaɗai har wata shida, ko ruwa kada a haɗa masa, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Iyayenmu mata sukan ce ai zafin bazara a ƙasar nan ba ya barin mai rai ba ruwa. Gaskiya ne akwai zafi, sai dai fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma ruwa ne mai tsabta wanda bai biyo ta rijiya ko jarka ba. Haka nan dakashi, wato nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar suna cewa datti ne, shi ne rigakafin farko na jariri. Ba mu san wata aya ko wani hadisi da ya ce a zubar da shi ba.

Shekara biyun nan kuwa Alƙur'ani ya ambace ta a aya ta 233 ta Suratul Baƙara ga wanda ke son cika shayarwa. Mu maza mun haddace farkon ayar, muna karanta wa matanmu shi, amma mukan yi sauri mu wuce abin da ya biyo baya. A cikin ayar ce aka ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita gwargwadon hali, aka hana a cutar da uwa saboda ɗanta, aka ce yaye kafin lokaci sai da yardar juna da shawara. A Suratuɗ Ɗalaƙ ma an yi umurni a biya matar da aka saka lada idan ta shayar. Saboda haka magidancin da ya yarda matarsa ta yi aiki, watakila ma albashinta na shiga cefanen gida, amma bai taɓa tambayar yadda ɗansa ke samun nono ba, lalle ya sake duba ayar. Idan makarantar da take aiki tana cikin gari, me zai hana ya ɗauko mai raino da yaron a babur lokacin tara, ko ya biya ɗan kabu-kabu?

Inda hakan ba zai yiwu ba, kamar ma'aikaciyar jinya mai kwanan aiki ko ɗalibar da ke zuwa Aliero daga Jega kullum, sai ta tatsa ta ajiye. Mun ji masu ƙyamar wannan, wai tatsa ta dabbobi ce, wai nonon da ya bar jiki ya lalace. Wannan al'ada ce kawai. Malaman fiƙihu tun ƙarnonin farko sun tattauna hukuncin nonon da aka tatsa a ƙwarya aka ɗura wa yaro, wanda ke nuna sun san abin kuma ba su ɗauke shi ƙazanta ba. Ba sai da injin tatsa ba. Hannu mai tsabta da kofi mai murfi da aka wanke da sabulu aka tafasa sun isa, kuma ma'aikatan lafiya suna koyar da yadda ake yi a wurin awo. Ƙa'idar da likitoci ke bayarwa ita ce nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, kwana 4 a firji mai wuta ba yankewa, kwana ɗaya a kula mai ƙanƙara. Mu da muke ganin digiri 40 a watan Afrilu, ga wutar lantarki yadda muka san ta, wajibi ne mu yi taka-tsantsan: a sa kofin cikin kwanon ruwan sanyi a gindin randa, a ba yaro da wuri. Ba a tafasa shi; a tsoma kofin a ruwan ɗumi, a ba shi da ƙaramin kofi. Ita ma uwa tana bukatar ta tatsa a wurin aiki kamar bayan kowace awa uku, domin nono gwargwadon yadda ake fitar da shi yake zuwa, idan aka bar shi ya daɗe sai mama ya yi tauri, ruwan ya fara raguwa.

Akwai wani abu da takardun asibiti ba su faɗa, mu kuwa dole mu faɗe shi. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaid, nonon da ya isa cikin yaro a cikin shekara biyu yana haramta aure ko da tsotsa ɗaya ce. Shafi'i da Ahmad sun sharɗanta sha biyar, bisa hadisin Nana A'isha (RA) da Muslim ya ruwaito. Jumhurun malamai kuma ba su bambanta tsakanin tsotsa da ɗura ba. Ke nan idan malamai mata huɗu suka bar kofuna huɗu a hannun yarinya mai raino ɗaya ba tare da suna ba, ana iya ƙulla 'yan'uwantakar shayarwa ba wanda ya sani. Bukhari ya ruwaito labarin Uƙba bin Haris (RA), wanda ya yi aure sai wata mata ta zo ta ce ta shayar da shi da matarsa, ya tafi Madina ya tambayi Annabi (SAW), daga ƙarshe ya rabu da ita. Irin wannan tsoro ne ya sa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1985 ta hana kafa bankin nono. Maganin mai sauƙi ne: a rubuta sunan yaro da lokacin tatsa a kowane kofi. Idan kuma wata ta shayar da ɗan abokiyar aikinta don taimako, halal ne, Manzo (SAW) kansa Suwaiba da Halimatus Sa'adiyya sun shayar da shi, amma a sanar da mazajen biyu, a rubuta a ajiye.

Game da hukuma, Dokar Ƙwadago ta Nijeriya a sashe na 54 ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana a lokacin aiki. Mako 12 bai kai rabin wata shida ba idan an cire wanda aka ci kafin haihuwa. Jihar Legas ta mayar da hutun ma'aikatanta wata shida a 2014, Kaduna ta bi a 2019. Masu tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) yana ba yaro kaso daga baitulmali ne bayan yaye, sai wani dare ya ji kukan jaririn da uwarsa ke gaggawar yaye shi don ya shiga rajista, da gari ya waye ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da kaso tun ranar haihuwa. Da ya ga tsarinsa ne ke raba yaro da nono, tsarin ya canza.

Sai dai hutun gwamnati, ko nawa ne, ba ya isa ga ɗaliba, ba ya isa ga mai sana'a a kasuwar Jega, ba ya isa ga malamar makarantar kuɗi. A nan ne maganar ta dawo gida, domin da yawa daga cikin makarantun nan namu ne, kwamitocinmu ne ke tafiyar da su. Ba ya kyautuwa mu karantar da aya ta 233 a aji, alhali malamar da ke karantarwar an ce ta dawo aiki da zarar ta yi arba'in ko a ɗauki wata. Muna kira ga kowane kwamitin makaranta a Jega da Aliero da Maiyama ya zauna kafin zangon karatu mai zuwa, ya rubuta hutun haihuwa da albashinsa a takardar ɗaukar aiki, ya ware ɗaki ɗaya mai labule da tabarma da ruwa da sabulu, ya ɗauki dattijuwa mai raino, ya kuma ajiye littafin da za a riƙa rubuta wanda ya sha nonon wa.