KIFAYEN KOGIN KILAMAT: ZAFIN DUNIYA KO HANNUN MAHUKUNTA?

A watan Satumba na shekarar 2002, mutanen ƙabilar Yurok, 'yan asalin ƙasar Amurka da ke zaune a bakin kogin Kilamat a arewacin Kalifoniya, suka wayi gari gaɓar kogi ta cika da mushen kifi. Ƙididdigar hukuma kanta ta amsa cewa aƙalla manyan kifayen salmon 33,000 ne suka halaka. Wannan kifi kuwa shi ne abincin waɗannan bayin Allah tun kaka da kakanni.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa salmon ba irin tarwaɗa ba ne da ke iya kwana cikin taɓo mai ɗumi. Ana ƙyanƙyashe shi a ƙorama mai sanyi, ya gangara teku ya girma, sannan ya hauro kogi ya koma inda aka haife shi domin ya yi ƙwai. Da zarar ruwa ya yi ɗumi, iskar oksijin da ke cikinsa sai ta ragu, alhali a lokacin ne jikin kifin ya fi buƙatarta. In zafin ya kai wajen digiri 21 a ma'aunin Selshiyas, sai kifayen su tsaya cak, su cunkushe a bakin ƙananan rafuka masu ɗan sanyi, cuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Babu mai musun cewa ɗumamar duniya na da hannu a irin wannan musiba. Kogunan yankin sun dogara ne ga dusar ƙanƙarar da ke taruwa a kan duwatsu, tana narkewa sannu a hankali tana shayar da su ruwan sanyi a lokacin zafi. Yanzu ƙanƙarar ta ragu, tana kuma narkewa da wuri, sai kogi ya ƙanƙance a daidai lokacin da rana ta fi ƙuna. A 2015 haka ta faru a kogin Kolumbiya da ke arewa da Kilamat, inda aka ƙiyasta kifayen salmon kusan 250,000 sun mutu a hanya.

To amma shin rana ce ta rufe ƙofar dam? Rana ce ta karkatar da ruwa zuwa gonaki? A 2001 an hana manoman rani na saman Kilamat ruwa saboda kifi, suka yi bore. A 2002 gwamnatin Bush ta sakar masu ruwan, kogi ya ja baya, abin da ya biyo baya kuma shi ne wancan mushe. Manomi ba abin zargi ba ne don ya nemi ruwa. Abin takaici shi ne yadda mahukunta ke raba kogi tamkar babu kowa a ƙarshensa, in ɓarna ta auku kuma sai a jingina ta ga yanayi, tunda yanayi ba ya zuwa kotu. Masuntan Haɗejiya da Nguru, waɗanda ambaliyar fadamarsu ta ragu bayan gina dam ɗin Tiga, ba sa buƙatar a fassara masu wannan.

Yurok da maƙwabtansu Karuk ba su tsaya kuka ba. Sun shafe shekaru sama da 20 suna gwagwarmaya, har aka rushe dam guda 4 da ke kan kogin tsakanin 2023 da 2024. A watan Oktoba na 2024 aka ga salmon ya hauro har cikin jihar Oregon, wuraren da aka tare masa fiye da shekaru 100. Sai dai rushe dam bai dawo da ƙanƙarar duwatsu ba, kuma rigimar rabon ruwa tsakanin gonaki da kogi tana nan, za ta sake tasowa duk shekarar da aka yi fari.