Kayan Kakanninmu Ne, A Kai Mu Mu Gani

Ya ku 'yan'uwa 'yan kasuwar Sabon Gari, shin mu nawa ne muka taɓa sa ƙafa a ɗakin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru? Ga shi nan kusa, kuɗin mota kaɗan, amma da yawanmu ko labarinsa ba mu taɓa ji ba. Alhali tun 1962 jami'ar nan take, kuma da harajin talakawa aka gina ta.

In masu mulki suka tashi ba da tarihin Zazzau, daga Sarauniya Amina sai sarki wane ya gaji sarki wane, sai ka ce su kaɗai Allah ya yi. To, ƙasa ta ƙaryata su. A shekarun 1970 masana sun tono wuraren narka tama a yammacin Samaru. Wane basarake ne ya hura wutar nan? Maƙera ne, watau kakannin masu ƙera mana fartanya yau. Ganuwar ma da ake taƙama da ita, ai a kan talaka aka ɗauko ƙasarta.

Saboda haka mu dai abin da muke nema ga gwamnati ba mai wuya ba ne. A rubuta bayanin kowane abu da Hausa, boko da ajami. A ware ranar da ɗan tireda zai iya rufe rumfa ya je da iyalinsa. Kada kuwa a ce mana babu motar kai 'yan makaranta da almajirai. Haba! Ran zaɓe motoci nawa ake jera mana a bakin kasuwa?