Mazauna tsibiran kogin Isa na buƙatar dokar da za ta kare su

’Yan kasuwar Babbar Kasuwa ta Yamai ba su manta da watan Agustan 2024 ba, lokacin da ruwa ya yanke hanyar Dosso, manyan motoci suka yi cirko-cirko a bayan gari, kaya suka daina shigowa. Damunar shekarar ta hallaka sama da mutum 300 a Nijar, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. An gyara hanya, ciniki ya dawo. Amma mazauna tsibirin Neni Gungu da unguwannin bakin kogi irin su Lamorde da Saga, kowace damuna da fargaba suke kwana, musamman tun 2020 da kogin Isa ya kai tsayin santimita 700 a Yamai.

Wasu mazauna tsibirai a can tekun Fasifik sun kai irin wannan kuka gaban shari’a. A 2022, kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce Ostareliya ta tauye haƙƙin ’yan asalin tsibiran Torres saboda gazawarta wajen kare su daga illar sauyin yanayi. A ranar 23 ga Yulin 2025 kuma, bayan fafutukar da ƙasar Vanuatu ta jagoranta, Kotun Duniya da ke birnin Hague ta ce kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe, kuma wadda aka cutar tana iya neman diyya. Shawara ce kotun ta bayar, ba ta tilasta wa kowa biya ba, amma ta zama hujja a hannun raunana.

Nijar ba ta da teku, sai dai hayaƙin da take fitarwa bai taka kara ya karya ba, ga shi tana cikin masu ɗanɗana kuɗa. Ya kamata hukumomi su riƙe wannan hujja su nemi kason ƙasar a asusun biyan asarar da aka amince da kafawa a taron Sharm el-Sheikh na 2022.

Sai dai gyara daga gida yake farawa. Ba duk laifin ne na ƙasashen waje ba: yashi ya cike kogi, an sare itatuwa, an yi gini a hanyar ruwa. Masuncin da aka ce ya tashi daga tsibirin kakanninsa yana buƙatar doka da ta fayyace inda zai koma, da takardar fili da sunansa, da diyyar gonarsa, da kotun da zai kai ƙara idan an saɓa alkawari. Tabarma da buhun shinkafa na agaji kan ƙare cikin ’yan makonni.

Ƙungiyoyin ’yan kasuwa na da murya a wajen mahukunta, ya dace su sa baki. Ruwan da ya ci gonar shinkafa a Saga, shi ne ke hana mai gonar zuwa sayen atamfar salla a Babbar Kasuwa.