Maganin 'sulhu' na China: Shin da gaske ba shi da illa?

Tun bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta amince a 2019 da sanya wani babi kan likitancin gargajiya na China da Japan da Koriya cikin kundinta na rarrabe cututtuka, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ake ta muhawara kan ingancin waɗannan magunguna. Hukumar ta ce an sa babin ne domin tattara alƙaluma, ba shaidar cewa magungunan na warkarwa ba ne. Ita kuwa China, wadda dokarta kan maganin gargajiya ta fara aiki a Yulin 2017, na ci gaba da tallata shi a ƙasashen waje, har da Afirka.

Ɗaya daga cikin ginshiƙan wannan likitanci shi ne abin da ƴan China ke kira "he fa", wato hanyar sulhu ko daidaitawa.

Mece ce hanyar sulhu?

A 1732 wani likita mai suna Cheng Guopeng ya kasa hanyoyin magani gida takwas. Akwai sa gumi, da sa amai, da sa gudawa, da ɗumama jiki, da sanyaya shi, da ƙara masa ƙarfi, da narkar da abin da ya cushe, sai kuma sulhu.

A fahimtar masu wannan ilimi, idan cuta na saman jiki sai a kore ta da gumi, idan ta shige can ciki sai a wanke ta da gudawa. Amma idan ta maƙale a tsakiya, ba ta waje ba ta ciki, amfani da ƙarfi zai ƙara jigata majinyaci ne. A nan ne ake neman sasanta sassan jiki, a haɗa mai zafi da mai sanyi, mai korar cuta da mai gina jiki, a tukunya ɗaya.

Fitaccen haɗi a wannan fanni shi ne Xiao Chai Hu Tang, wanda Zhang Zhongjing ya rubuta kimanin shekara 1,800 da suka wuce. Kayan haɗinsa bakwai ne, ciki har da citta da saiwar ginseng da wani ɗan itace dangin magarya. Ana ba wanda zazzaɓi da jin sanyi ke yi wa karɓa-karɓa, ga ɗacin baki da tashin zuciya da rashin cin abinci. Haɗin na cikin waɗanda aka gina maganin Qingfei Paidu da su, wanda hukumomin China suka ba da shawarar amfani da shi lokacin korona a 2020.

Darasin Japan

Kalmar sulhu na sa mutane ɗaukar cewa maganin ba ya cutarwa. Abin da ya faru a Japan ya nuna akasin haka.

A can, inda ake kiran haɗin Sho-saiko-to, likitocin asibiti sun riƙa rubuta shi ga ɗimbin masu ciwon hanta, inshorar lafiya na biya. A 1994 aka haramta haɗa shi da allurar interferon saboda yana janyo kumburin huhu. A Maris na 1996 ma'aikatar lafiyar ƙasar ta sanar cewa mutum 88 sun kamu da wannan matsala, 10 sun mutu. Kasuwar maganin ta faɗi warwas.

Masu kare gargajiya sun ce laifin na likitoci ne, domin sun bi sunan cuta kawai, suka ɗora marasa ƙarfi a kan maganin wata da watanni, alhali ƙa'ida ita ce a duba harshe da bugun jini da yanayin kowane majinyaci. Masu suka kuma na cewa wannan uzuri ne da ba ya karɓar gwaji: in an warke a yabi magani, in an mutu a zargi likita.

Ko wane ɓangare ke da gaskiya, sun haɗu a abu guda: haɗin ba shayi ba ne da kowa zai saya ya sha yadda ya ga dama.

Inda abin ya shafi Afirka

Alamomin da ake ba da wannan haɗi dominsu sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro, cutar da Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu mutuwa da ita. Wanda ya tsaya neman sulhu da irin wannan zazzaɓi ba tare da gwajin jini ba, yana wasa da ransa, musamman idan yaro ne ƙarami.

Maganin maleriya mafi inganci a yau ma daga gargajiyar China ya fito. Tu Youyou ta samo sinadarin artemisinin daga ganyen qinghao, dangin tazargade, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Sai dai bai samu karɓuwa ba sai da aka tace shi, aka auna shi, aka gwada a kan majinyata.

Wannan ma'auni ne ke jiran magungunan sulhu. Kafin nan, nauyi na kan hukumomi irin su NAFDAC su tabbatar duk haɗin da ya shigo kasuwa na ɗauke da bayanin abin da ke cikinsa, da waɗanda bai kamata su sha ba.