Raddi ga Masu Cewa Kada a Kai Yara Allurar Zazzaɓin Cizon Sauro

Tun ranar 15 ga Yuli, 2024, da Kwaddibuwa ta zama ƙasa ta farko da ta fara yi wa yara allurar R21, wata magana ke yawo a majalisun 'yan'uwanmu na Adjamé da Treichville, cewa kada kowa ya kai ɗansa. Mai wannan magana malami ne da nake ganin girmansa, shi ya sa zan bi hujjojinsa daki-daki.

Malam ya ce an mai da baƙar fata abin gwaji, ya kawo misalin Kano. Wannan gaskiya ne, Allah gafarta Malam. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa yara 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. A Afrilun 2020 ma wasu likitoci biyu sun yi zancen zuwa Afirka gwaji a talabijin ɗin Faransa, har Didier Drogba ya fito ya yi tir da su. Amma laifin da aka yi a Kano shi ne gaggawa da ɓoye-ɓoye. R21 kuwa an gama gwajinta kafin ta iso Abijan: yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya, da sa hannun iyaye, kuma cikin jagororin aikin akwai Farfesa Halidou Tinto na Nanoro. An buga sakamakon kowa ya gani, har da gazawarsa: ta rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100 inda zazzaɓin ke zuwa da damina, kashi 68 inda yake duk shekara. Mayaudari cewa zai yi ɗari bisa ɗari. Masu binciken kuwa cewa suka yi a ci gaba da kwana cikin gidan sauro.

Ya ce allurar na kashe haihuwa. An faɗi haka a Kano a 2003 kan ɗigon shan inna, aka dakatar da shi har Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, yara suka nakasa. Da yawa daga yaran da aka ɗiga wa bayan nan yau iyaye ne, suna da 'ya'yansu.

Ya ce rigakafi rashin tawakkali ne. Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, sahabbai suka bi shi. Kuma duk maniyyacin da ya tashi daga Abijan sai ya yi allurar sanƙarau da ta shawara, don Saudiyya ba ta karɓarsa sai da su. Da yawa daga dattawanmu sun bi layi a Cibiyar Tsaftar Jama'a ta Ƙasa, INHP, nan Treichville, sun karɓi kati mai ruwan ɗorawa, ba wanda ya ce imaninsu ya ragu. Me ya halatta wa alhaji, ya haramta wa jikansa?

Hujjar da ta fi damuna ita ce cewa ba mu san abin da ke cikin kwalbar ba, hukuma kuma ba abin yarda ba ce. Malam, ina ake sayo maganin gidajenmu? Kasuwar Roxy ta Adjamé. Ƙwayoyi ne a faranti da buhu, rana na dukansu, wasu ba kwali, wasu an goge ranar lalacewarsu, mai sayarwa ita ce likita. A Mayun 2017 jami'an tsaro sun kwashe kimanin tan 40 daga wurin, kasuwa ta sake ci. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe irin namu jabu ne ko mara inganci. Maganin zazzaɓi na jabu ba sai ya zama guba zai kashe yaro ba. Ya isa a ce alli ne, uwa na jiran sauƙi, jini na ƙarewa. Na san talauci ke kai mutane can, kantin magani na da tsada, ba na zargin uwar da ba ta da kuɗi. Amma idan tambayarka ita ce wa ya yi wannan, wa ya duba shi, to allurar tana da amsa: Jami'ar Oxford ta ƙirƙira, kamfanin Serum na Indiya ya sarrafa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a Oktoban 2023, kowace kwalba da lambarta, kuma kyauta ake yi. Farantin Roxy ba shi da amsa ko ɗaya.

Hukuma na iya gazawa, maganin tarin da ya kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022 shaida ne. Don haka sai mu matsa wa hukumar kula da magunguna ta ƙasar nan, AIRP, ta yi aikinta. Uwa ta sa a rubuta lambar kwalba a katin ɗanta, ta koma har allura ta huɗu, in ta ga abin da ya wuce ɗan zazzaɓi ko kumburin wurin allura ta garzaya asibiti a rubuta. Ina roƙon Malam ya faɗi wannan a majalisinsa.