Kowa Da Rezarsa



Bayan girbin da ya wuce mun yi taron kwana uku na shugabannin ƙungiyoyin gama-kai a Sabon Gari, Kano. Wakilai sun zo daga wajen Karaye da Rogo da Sumaila da Tudun Wada, aka sauke maza ɗaki guda. Ran Lahadi da sassafe, kowa yana shirin shiga sujada, sai wani dattijo ya fid da reza ɗaya daga aljihu, naɗe cikin takarda. Ya gyara fuskarsa, ya miƙa wa na kusa da shi. Kafin a kaɗa ƙararrawa, rezan nan ta bi fuskar mutum biyar. Biyu sun yanke, suka share jinin da yatsa, aka ci gaba da hira. Na ƙarshe kuwa har farce ya yanke da ita.

Ba wanda ya yi haka da mugun nufi. Zumunci ne, irin wanda muka saba da shi wajen aron garma da gayya. Amma ra'ayinmu shi ne, reza ba ta cikin kayan aro. Ya kamata kowane magidanci ya mallaki nasa abin aski, ya san irin rezar da ta dace da gemunsa, ƙungiya kuma ta taimake shi ya samu da sauƙi. Ga dalilanmu.

Abin da ido ba ya gani

Kowane aski yana barin ƙananan yanka a fata, ko da mutum bai ga jini ba. Ƙwayar ciwon hanta, wanda likitoci ke kira hepatitis B, tana bin jini, kuma tana iya kwana 7 ko fiye a jikin ƙarfe da ranta, ko da jinin ya bushe. A binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi gida-gida a 2018, an tarar wajen mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Watau a ƙungiya mai mutum 40, ba abin mamaki ba ne a sami mutum 3. Yawancinsu ba su sani ba, gama mutum yakan yi shekaru yana noma da ƙarfinsa kafin ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura. Sa'an nan sai a fara sayar da akuya, a bi da sa, wani har gona.

Ƙwayar ƙanjamau ma jini take bi, ko da yake ita ba ta daɗewa a waje kamar ta hanta. Akwai kuma makero da ƙuraje masu mugunya, waɗanda reza da tsumman goge fuska suke yawo da su daga wannan kai zuwa wancan.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba reza kaɗai ke kawo ciwon hanta ba. Da yawa tun wajen haihuwa ko ƙuruciya suka same shi. Ba a kuma ɗaukarsa ta cin tuwo ƙwarya ɗaya, ko gaisawa, ko zama benci ɗaya a majami'a, saboda haka ba dalilin guje wa mai shi. Amma ƙofar reza ƙofa ce da kowa zai iya rufewa da kuɗi kaɗan. Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Me ke kawo ƙurajen aski?

Wasu za su ce, "Mu damuwarmu ƙuraje ce. Duk ran da muka yi aski, bayan kwana biyu wuya ya cika da ƙuraje." Wannan gaskiya ne, kuma ya fi samun mu baƙaƙen fata. Gashinmu mai kauri ne, yana kuma nannaɗewa. In an yanke shi, bakinsa yakan yi tsini kamar ƙaya. Da ya fara tsirowa sai ya lanƙwaso ya soki fata, jiki kuwa ya ɗauke shi kamar sartse, wurin ya kumbura. In an yanke shi ƙasa ainun, ba ya ma samun hanyar fita, sai ya tsira a kwance cikin fata. Wanda ya ci gaba da bin kan ƙurajen da reza, ƙarshensa baƙin tabo ne, wani ma tabo mai tudu, musamman a ƙeya.

Da wannan za mu gane cewa askin da ya fi santsi ba shi ne ya fi lafiya ba. Abin askin nan na roba mai baki uku ko biyar an yi shi ne domin bakin farko ya jawo gashi, na baya su datse shi can ƙasa. Ga mai miƙaƙƙen gashi, madalla. Ga mai gemu irin namu, sau da yawa shi ne mafarin ƙuraje. Ga tsada, ga shi gashi mai kauri yana toshe shi. Ita kuma reza tsirara da ake riƙewa da yatsu, ba ta da abin da zai tsare fata, shi ya sa take yawan yanka.

Tsakanin biyun nan akwai gidan reza, watau ƙarfen nan mai mariƙi wanda ake kwancewa a sa reza mai baki biyu a ɗaure. Ba sabon abu ba ne. Wani Ba'amurke, King Gillette, shi ya fara sayar da irinsa a 1903, a shekaran nan kuwa guda 51 kaɗai ya sayar, da reza 168. Yau ba ƙasar da ba a san shi ba. Baki ɗaya ne ke taɓa fata, ƙarfen da ke gabansa yana tsare ta, in an lura da shi kuma yakan yi shekaru masu yawa.

In kun shiga kasuwa

Yawancinmu mukan shigo Kano bayan mun kai hatsi Dawanau. Daga nan ba wuya a biya ta kasuwar Sabon Gari, wadda ake kira Kasuwar Abubakar Rimi, ko kasuwar Singa, inda 'yan tireda ke sarin sabulu da ashana da reza. Dukansu cikin ƙaramar hukumar Fagge suke. Kada ku saya a guje. Ku ce mai kaya ya buɗe, ku duba abu huɗu.

Na fari, nauyi. Ku zaɓi na ƙarfe wanda hannu zai ji shi, domin nauyinsa ne ke yin aikin. Mara nauyi yakan sa mutum ya danna, dannawa kuwa ita ke ƙona fata.

Na biyu, bakin. Akwai mai haƙora kamar matsefi, akwai mai miƙaƙƙen ƙarfe. Mai haƙora yana da amfani ga wanda yakan bar gemu ya yi mako biyu, amma yakan fi cizo. Mai fata mara jimiri ya ɗauki mai miƙaƙƙen ƙarfe, wanda tsakanin reza da ƙarfen ba faɗi.

Na uku, ku sa reza ku ɗaure, ku ɗaga shi wajen haske. Tilas bakin reza ya fito daidai wa daida dama da hagu, ya kuma miƙe sak. In gefe ɗaya ya fi fitowa, ko rezar tana motsi, ku ajiye shi komai arharsa. Araha ba ta ado.

Na huɗu, mariƙi. Ya zama mai kaushi, kada ya sulɓe in hannu ya sha sabulu.

Game da rezar kanta, tsofaffinmu sun san Nacet da Tiger, akwai kuma waɗansu iri da ake kawowa daga Masar da Indiya da Koriya. Ba mu ce ga wadda ta fi ba, gama fuska ta bambanta. Amma ku nemi wadda aka rubuta stainless a jikin takardarta, watau mara tsatsa. Kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ne ya yaɗa irinta a 1962. Kafin nan reza takan yi tsatsa cikin kwana kaɗan, balle da damina. Kowace reza ta zama a naɗe cikin takardarta, ba alamar an taɓa buɗewa. Ku sayi fakiti ɗaya ɗaya na iri biyu ko uku, ku gwada kowace mako biyu, sa'an nan ku tsaya kan wadda fatarku ta amince da ita.

Mutane da yawa suna zaton mai fata mai laushi reza mara kaifi ta dace da shi. Kuskure ne. Kowane manomi ya san lauje dakusasshe ba ya yanka, tuge ciyawa yake yi. Haka reza. Gemu mai kauri yana bukatar kaifi, domin a wuce sau ɗaya a gama. Da kun ji reza ta fara ja, kwananta ya ƙare. Ga mai gemu mai tauri, aski uku ko huɗu ke nan.

Yadda za a yi

Ba a huɗa busasshiyar ƙasa. A jiƙa gemu da ruwan ɗumi minti uku, ko a yi aski bayan wanka. A sa kumfar sabulu sosai. A shafa fuska a gane inda gashi ya kwanta, a bi shi can, kada a yi masa gaba da gaba. A wuya gashi yakan juya, sai a lura. Kada a ja fata da yatsa don ta miƙe, kada a danna, kada a yi ta komawa wuri ɗaya. A riƙa ɗauraye reza bayan kowane ja biyu. In an gama a wanke da ruwan sanyi. Wanda ya yanke ya goga alif, irin wanda ake sa wa ruwa ya kwanta, amma kowa da nasa ɗan guntu. Sa'an nan a shafa man kaɗe kaɗan, musamman da hunturu. A kwance gidan reza a wanke, a shanya.

Wanda ƙuraje suka riga suka cika masa wuya, ya ajiye reza wata guda cur, ya riƙa rage gemun da almakashi. Yawanci sukan kwanta da kansu. In suna mugunya ko tabon yana girma, a je asibiti. Kada a zuba ruwan batir, ko kananzir, ko man birki, kamar yadda muka ga waɗansu samari suna yi a ƙeya. Hodar cire gashi ma takan ƙona fata, a gwada ta a hannu tukuna.

Amsa ga masu musu

Mun san abin da za a ce. Na ɗaya zai ce, "Kakanninmu aska ɗaya ta aske gari, ba su mutu ba." Waɗansu sun mutu, sai aka ce sammu ne, ko shawara ce ta ci ƙarfinsa. Ba su da awon jini, mu kuwa muna da shi.

Na biyu zai ce, "Wanzaminmu zai ji haushi." Ba mu raina wanzamai. Su ne suka riƙe askin suna da kaciya da ƙaho tun kafin a gina asibiti ko ɗaya a ƙasan nan. A Fagge da Sabon Gari mun ga masu aski da yawa waɗanda suke ɓare sabuwar reza a gaban mai aski ba sai an roƙa ba. Ku tafi da taku ku miƙa cikin ladabi, ku biya ladan aiki cikakke. Haka za a yi da masu yawon yankan farce a kasuwa. Wanzamin kirki zai ga kun kiyaye shi ne, gama shi ma yakan yanke hannunsa.

Na uku shi ne mai nauyi. Zai ce, "Ɗan'uwa ya roƙe ni reza, in hana shi? Ina ƙaunar da ake wa'azinta?" Ba mu ce a hana ba. Mun ce a ba shi sabuwa, kyauta. Wanda ya ajiye reza biyu cikin takardarsu domin baƙo, ya fi mai ba da aron tasa ƙauna nesa ba kusa ba.

Aikin ƙungiya

Bari mu yi lissafi. Mutum mai aski sau 2 a mako zai yi sau 104 a shekara. In reza ɗaya tana aski 3, yana bukatar wajen reza 35. Ƙungiya mai maza 30 za ta ci wajen 1,050. Wanda ya saya ɗai-ɗai a ƙauye yana biyan ribar hannu uku ko huɗu. Ƙungiyar da ta iya haɗa kuɗin taki ta sayo buhu-buhu ba za ta kasa sarin reza sau ɗaya a shekara ba. Muna ba da shawara a kawo waɗannan a taro na gaba:

1. Bayan kaka, a aiki mutum biyu kasuwa su saro gidan reza da reza, ma'aji ya riƙa sayar wa 'yan ƙungiya a kan kuɗin sari.

2. A ware fakiti domin zumuntar mata. Kowace mai ciki ta ajiye sabuwar reza cikin takardarta. Haihuwa a asibiti ta fi, amma in naƙuda ta zo a gida, kada ungozoma ta yanke cibiya da tsohuwar reza ko wuƙa, gama nan ne tsinkau-tsinkau ke shiga jariri.

3. Kowane gida ya sami gwangwani mai 'yar ɓula a murfi, a riƙa jefa tsofaffin reza. In ya cika a binne shi da zurfi. Kada a bar wa yara su feƙe fensir.

4. Dattawan ekklesiya su gayyato ma'aikacin lafiya ya yi awon ciwon hanta. Wanda ba shi da shi ya yi allurar rigakafi, sau uku ce. Tun 2004 aka sa wannan allura cikin rigakafin yara a Nijeriya, kuma ta farko a ranar haihuwa ya kamata a yi ta.

Mun tuna Yusufu, da aka kira shi daga kurkuku zuwa gaban Fir'auna, sai da ya yi aski ya sake tufa. Tsabta abu ne mai kyau ga bawan Allah. Sai dai kada garin gyaran fuska don sujada mu ɗauko wa iyalinmu ciwon da zai cinye rumbu. A taron baɗi, muna sa zuciya mu ga kowane wakili da nasa gidan reza cikin jaka, da sabuwa ɗaya domin wanda ya manta.

Ubangiji ya ba mu lafiya, ya sa albarka ga aikin hannuwanmu. Amin.