Ina Leburan Bompai a Cikin Ƙagaggun Labaranmu?

An daɗe ana ja-in-ja a wannan sashe namu a kan amfanin adabi. Wasu sun ce nishaɗi ne kurum, wasu kuwa sun ce makami ne na gyaran al'umma. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu sun tsallake tambayar farko, watau wace al'umma ce marubucin ya tsaya ya duba da idonsa?

Littattafan gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, sun ɗauko zubin tatsuniya, ba kuwa laifinsu ba ne, domin zamaninsu ke nan. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya biyo ɗan ƙauye zuwa birni, Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, a 1982, ya tone asirin 'yan fasa-ƙwauri. Daga baya adabin kasuwar Kano ya shiga tsakar gida, Balaraba Ramat Yakubu ta nuna mana zaman kishi ba tare da kwaskwarima ba. To, amma maigidan nan da ke fita da asuba a kan keke, ina ya nufa? Da wuya alƙalaminmu ya bi shi ya wuce ƙofar masana'anta.

Alhali kuwa labari na nan jibge. A Bompai da Sharaɗa dubban mutane sun ci abinci a masaƙu, har tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da ƙarancin wutar lantarki da atamfar Sin suka haɗu suka rufe yawancinsu. A Challawa masana'antun jima suna sako gurɓataccen ruwa cikin kogin da manoman rani ke ban-ruwa da shi. Abin kunya, Baturen Amurka ne, Paul Lubeck, ya zauna da leburorin Kano ya rubuta littafi a kansu a 1986. Sembene Usman na Senegal kuwa yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na 1947 ya ɗauka ya gina ƙagaggen labari sukutum.

Kada a ɗauka wa'azi nake nema. Marubucin da ya mai da lebura waliyyi, mai masana'anta kuma shaiɗan, tatsuniya ya sake yi, sunaye kawai ya sauya. Abin da nake so in karanta shi ne ranar da aka manna takardar sallama a bakin ƙofa, da abin da mutumin ya faɗa wa matarsa da mai kantin da ke bin sa bashi a daren nan.